Mariƙi, tabarau ko kunamar lantarki: wanne za ka fara sa wa kuɗi?

Malam, sau biyu na karanta tambayarka kafin in zauna amsawa. Ka ce ƙaramar bindigar iska ce ta gasar mita 10 a hannunka, ta hannu ka saya, da lasisinta, ka shekara biyu kana harbi, amma makinka ya cije tsakanin 515 da 525 cikin 600. Kuɗin da ka tara abu ɗaya tak za su yi: ko ka yo odar mariƙi daidai hannunka daga Jamus, ko ka sayi tabarau irin na 'yan gasa, ko ka sayar da bindigar ka yi ciko ka ɗauko mai kunamar lantarki. Can ƙarshe ka jefo wata magana kamar ba komai ba, cewa kwanan nan sai ka nisanta waya da fuskarka kafin rubutu ya fito maka. Ni a wurina wannan maganar ce rabin amsar, kuma zan dawo kanta.

Bari mu fara kawar da abin da ba namu ba. Bidiyon da ka ce kana kallo, inda Amurkawa ke ɗora madubi mai jan ɗigo a kan bindiga, su sauƙaƙa kunama har ta zama kamar taɓa ruwa, wannan wani wasa ne daban, na gudu ana harbi da bindiga mai harsashin milimita 9. Irin waɗannan bindigogin, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa su cikin rukunin da aka haramta, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar iska tana rukuni na biyu, wanda lasisinsa ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Don haka duk wani kayan bindiga da za ka shigo da shi, ka fara zuwa hedikwatar 'yan sanda ta Bompai ka tambaya, ka kuma ji ta bakin hukumar wasan harbi ta ƙasa. Ko da doka ta bari ma, wasanmu bai bari ba. Ƙa'idar ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, a fili take: ba madubi, ba jan ɗigo, saitin ƙarfe zalla. Hannu ɗaya ake riƙewa. Nauyin bindiga kada ya wuce giram 1,500, dole ta shige akwatin awo mai milimita 420 a tsawo, 200 a tsaye, 50 a kauri, kuma kunama kada ta tashi da nauyin da bai kai giram 500 ba.

Wannan ƙa'ida ta giram 500 ita ta sa ba zan daɗe a kan kunamar lantarki ba. Cikin masu kunamar lantarki, Morini CM 162EI ta Suwizalan bindiga ce ta gaske, haka Steyr Evo 10E ta Ostiriya, an ci manyan gasanni da irinsu. Amma alƙali zai rataya wa kunamarsu ma'aunin giram 500 ɗin nan da zai rataya wa taka. Abin da lantarki ke ba ka shi ne tashi iri ɗaya kullum, da sauƙin atisayen jan kunama ba dalma (wato ɗan harsashin bindigar iska) a ciki, ba tare da ka ɗana ba. Mutumin da ke neman maki biyu tsakanin 578 da 580 zai iya jin wannan bambancin. Kai maki sittin ke tsakaninka da can, kuma ba a cikin kunama suka ɓuya ba. Taka ma tana da sukurorin gyara. Ka zauna da littafinta, ka daidaita nauyin gaɓar farko da ta biyu ta jan kunamar, ka bar jimillar a wajen giram 520 don kada ta faɗi a awo, ka matsar da harshenta gaba ko baya har tsokar gaɓar ƙarshe ta manuniyarka ta zauna a kai ta ja shi kai tsaye zuwa baya. Wannan ko kwabo ba zai ci maka ba, ba kuma sai ka bi ta Wapa canjin yuro ba.

Saura biyu ke nan, kuma nan ne maganar take.

Mariƙi yana maganin yadda bindiga ke zama a hannu. Harbi 60 za ka yi cikin minti 75, kuma tsakanin kowane harbi kana sauke bindiga kan benci, wani lokacin ka sake ta gaba ɗaya ka huta. In ka sake kamawa hannu bai koma inda yake ɗazu ba, to saitin ma ba zai koma ba, sai ka riƙa murɗa tsintsiyar hannu kana nemansa. Wannan murɗawar ce ke warwarewa daidai lokacin da kunama ta tashi. Mariƙi mai kyau yana sa hannu ya faɗa wuri ɗaya kullum, kamar ƙafa a tsohon takalminta. Kamfanoni irin su Rink da Nill a Jamus sana'arsu ke nan, da itacen walnat suke sassaƙawa, girma-girma, bisa faɗin tafin hannu.

Tabarau kuma yana maganin abin da ido ke gani. Ga lissafin da nake so ka riƙe. Da'irar maki goma faɗinta milimita 11.5 ne. Dalmar kanta milimita 4.5 ce, kuma ko gefenta ya taɓa layi an ba ka makin, wato tsakiyar dalma tana da damar kaucewa kusan milimita 8 daga tsakiyar takarda. Tazarar saitin baya da na gaba a irin bindigoginmu wajen milimita 350 ce, takarda kuwa tana milimita 10,000. Duk kuskuren da ka yi wajen daidaita saitin gaba a cikin tsagar na baya, sai ya ninku kusan sau 28 kafin ya isa takarda. Kaucewar milimita 0.3, abin da bai fi kaurin takardu uku ba, ta fitar da kai daga goma. Rawar hannu ba ta ninkuwa haka. In hannu ya girgiza milimita uku amma saiti na daidaite, milimita ukun nan ne kawai a takarda. Shi ya sa ake ce mana ido ya tsaya kan saitin gaba, a bar baƙin takarda ya yi dishi-dishi abinsa. To mutumin da ya haura arba'in, wanda idonsa ya fara ƙin abu na kusa, yaya zai ga kuskuren milimita 0.3 a kan ƙarfen da ke kusan mita ɗaya da fuskarsa? Zai gani a harbi goma na farko, da ƙoƙari. Daga nan ido ya gaji ya gudu kan takarda, don can ya fi masa sauƙi, shi kuma bai san ya gudu ba.

Akwai gwajin da zai raba maka gardama a gida. Ka tabbatar ba dalma a ciki, ka tsaya yadda kake tsayuwa, ka rufe ido, ka ɗaga bindiga, ka buɗe. Ka yi sau goma, kowane karo ka ajiye ta ka sake kamawa. In saitin gaba yana fitowa a wuri ɗaya kullum, ko da a karkace ne, matsalar ƙarama ce. In yau hagu ne gobe dama, mariƙin bai kama ka ba. Sannan ka duba takardunka na baya. In goman farko sun taru, goma na huɗu da na biyar sun watse ko'ina ba tare da sun nufi gefe ɗaya ba, kuma kana ganin harbin ya tafi daidai amma ka tarar da bakwai, to ido ne. Wanda ke ganin saitinsa sosai yana iya faɗin inda dalma ta faɗa tun kafin ya duba. In ba ka iya wannan, ba ka ganin saitin.

Yanzu mu auna su ta fuskar zaman Kano, don a nan ne suka rabu sosai.

Mariƙin oda, ba ka taɓa shi ba za ka biya. Za ka auna hannu da abin awo, ka aika, ka jira makonni, ya iso. In ya yi, madalla. In bai yi ba, mayar da shi Jamus wani aiki ne. Kuma hannun mutumin Kano ba ɗaya ba ne duk shekara. A zafin Afrilu, rana ta haura digiri 40, hannu kumbura yake ga gumi. A hunturun Disamba da Janairu ya tsuke, fata ta bushe ta yi santsi a kan itace. Na ga wannan a hannuna: mariƙin da ya matse ni a bazara, da sanyi ya shigo sai da na ɗaga matokarin tafin hannu sama kafin ya kama. Saboda haka in ma za ka saya wata rana, ka sayi mai matokarin da ake matsarwa, kada ka sayi kafaffe. Amma abin da ya fi muhimmanci, mariƙi abu ne da ake iya gyarawa a nan. Manyan 'yan wasa ma haka suke yi, za ka ga nasu duk faci. Magagari, samfefa, da filar da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da ita, ko gam da garin katako, duk za ka samu tsakanin Ƙofar Ruwa da Sabon Gari. Ka kwance mariƙin daga jikin bindiga, ka shafa wa hannu mai, ka sa fila kaɗan inda ka ji rami, ka kama, ka bari ta fara ƙarfi. Wuri ɗaya a rana, ka yi harbi da shi mako guda kafin ka taɓa wani wurin. Cikawa ta fi rage itace aminci, don fila ana kankare ta, itacen da aka ci kuwa ba ya dawowa. Ka kula da abu biyu: kada kauri ya wuce milimita 50 na akwatin awo, kuma kada wani ɓangare ya zagaye hannu ko ya tokari tsintsiyar hannu, alƙali zai ƙi shi.

Ido kuwa ba a yi masa faci. Ko ka ga saitin ko ba ka gani ba. Abin daɗin shi ne, wannan ne gyaran da Kano ta fi ƙarfinsa, ga asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, ga na Makkah, ga masu yanka gilashi. Kuma ka bambance gilashin da firam ɗinsa. Firam ɗin Knobloch ko Champion, mai sanduna da marfi da ɗan ramin rage haske, shi ke cin kuɗi, amma gilashin da ke ciki shi ke yin aikin. Za a tuna maka da Yusuf Dikec na Turkiyya, wanda ya ci azurfa a gasar haɗakar maza da mata ta Olamfik ɗin Faris a 2024, hannu a aljihu, ba kayan kwalliya a fuska. Gaskiya ne, amma ka sake duba hoton, akwai tabarau na likita a idonsa, kuma yana da shekara 51 a lokacin.

Ga yadda za ka yi. A gida, wani ya auna maka daga idonka zuwa saitin gaba kana tsaye da hannu a miƙe. Kada ka ɗauki bindiga zuwa asibiti, lambar kawai za ka kai. Ka ce da mai gwajin ido kana son gilashin da zai sa idon da kake saiti da shi ya huta a wannan tazarar. Yawanci ƙari ne na +0.50 zuwa +0.75 a kan awonka na hangen nesa. Tabarau ɗin karatu da ake sayarwa a bakin titi ya yi ƙarfi da yawa, don tazarar littafi aka yi shi, zai shafe maka takarda gaba ɗaya. Ka nuna masa yadda kake juya kai in ka tsaya a gicciye, domin ba ta tsakiyar gilashi kake kallo ba, sai ya sa tsakiyar awon inda idonka ke bi. Ɗaya idon kuma kada ka runtse shi, ka rataya masa ɗan farin roba mai dishi-dishi wanda faɗinsa bai wuce milimita 30 ba, haka ƙa'ida ta ce.

Don haka ni, a matsayinka, gilashi zan fara yi a firam na gari, in gyara mariƙin da hannuna, in bar kunama yadda masu ita suka ƙera ta.

Ragowar kuɗin kuma akwai inda ya fi cancanta, abin da ba ka ma sa a lissafi ba. Ka juya tukunyar iskar bindigarka ka karanta shekarar da ke jiki. Shekara 10 ce wa'adinta, bayan nan ba za a bar ka ka yi gasa da ita ba, kuma bindigar da aka saya ta hannu sau da yawa da tsohuwar tukunya take zuwa. Matsin iskar ciki yana kai "bar" 200 a ma'aunin matsin iska, injin mai faci da ke ba taya iska ko kusa bai kai nan ba, sai famfon hannu na musamman, zai fi kyau mai matatar danshi saboda damina. Ina roƙonka da Allah, kada wani ya ce zai ɗura maka daga tukunyar masu walda ko ta asibiti. Iskar oksijin ce, in ta haɗu da maiƙon da ke cikin bindiga wuta take kamawa ta fashe. Kada kuma ka bar tukunyar a cike cikin mota a rana. Da hunturu ka riƙa rufe bakin famfo da na tukunya, ƙura tana cin robobin da ke riƙe iska.

Dalma ba zan ja magana a kanta ba. Gwangwani ɗaya 500 ne, na kamfanin RWS, H&N ko JSB, mai shafaffen kai, duk ingancinsu ya wuce ƙwarewar hannunmu. Ka sayi iri ɗaya da yawa ka daina canzawa. Ka dai riƙa wanke hannu bayan harbi, ka kwashe ɓaraguzan daga inda yara ke wasa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba.

In gilashin ya fito, kada ka yi hukunci a ranar farko, takarda za ta yi maka hazo fiye da yadda ka saba kuma ranka ba zai so ba. Ka ba shi mako uku, ka juya takarda ta baya, farar zalla, ka harbi tsakiyarta kana kallon saitin gaba kawai. Ka ajiye takardun da kwanan wata a jiki, ka kawo su mu duba tare da na da.