Jakar firem ɗin da na saya: ta burge ni a gargada, ta kunyata ni a ruwan Shere

Masu tsayar da ni a hanya suna tambaya kan ƙaramar jakar nan da ke rataye ƙarƙashin ƙarfen saman kekena, ga amsarku gaba ɗaya. Irin wadda ke cin rabin cikin firem ce, wato filin da ke tsakanin ƙarafan jikin keke, lita 3, baƙa, da zif biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Na saye ta wurin wani mutum da ke kawo mana kayan keke daga waje. Kuɗinta ma ba sai na faɗa ba, duk wanda ya sayi ko safar hannu ce a lokacin ya san abin da dala ta yi mana.

Zuba kaya a aljihun riga ne ya gundure ni, shi ya sa na saye ta. Tub, famfo, alanki, waya, dabino, duk a bayana, in na shiga hanyar burji mai gargada famfon nan ya dinga dukan ƙuguna har in dawo gida. Jakar ƙarƙashin sirdi sai ka tsaya ka sauka kafin ka ɗauki abu, ƙaramar da ake ɗorawa a saman ƙarfe kuwa lita ɗaya ce ko ƙasa da haka, famfo ba ya shiga. Kafin in biya sai da na yanka kwali daidai girman jakar na gwada a cikin firem. Ku ma ku yi haka, don a nan na gane gorar ruwa mai mililita 750 ba za ta ƙara fita ta sama ba, na canza mariƙinta zuwa wanda ake zarewa ta gefe.

Gaskiya da farko ta shiga raina. Wanda ya san gangarar nan ta tsakuwa daga wajen duwatsun Shere zuwa Lamingo, a gefen Jos, ya san yadda take girgiza mutum har haƙora. Jakar ba ta lilo, ba ta karkata, kuma faɗinta bai wuce santimita 6 ba, saboda haka ko na miƙe tsaye ina taka feda gwiwata ba ta goge ta. Da hannu ɗaya nake zuge zif in ɗauki dabino ina tafiya. Da hunturu ya shigo ƙura ta sa zif ɗin ya yi tauri, na goge shi da tsohon buroshin haƙori na shafa masa kyandir, ya koma daidai. Har tallarta na yi wa abokan hawa, wasu suka saya a kan maganata, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna yanzu.

Ranar da zan karɓe ta na tambayi mai kayan kan ruwa, tunda a Jos nake hawa. Cewa ya yi: "Yallaɓai, ko a kogi ka jefa ta ɗigo ba zai shiga ba."

Tsakiyar damina na hau ni kaɗai da sassafe, gari garau. Ku da ba ku zauna a nan ba, Jos kanta ta haura mita 1,200 a sama da teku, ƙololuwar Shere kuma ta wuce 1,800, hadarin wurin ba ya sallama. Ina juyowa na ga gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta taso. Nan take na zaro waya daga aljihu na sa a jaka, na haɗa da kuɗina da fawa banki, na ja zif har ƙarshe. Ai don irin wannan ranar na saye ta. Ruwa ya kece, har da 'yar ƙanƙara tana dukan hular kwano. Babu wurin fakewa sai duwatsu, ga tsawa, ba wanda zai tsaya a tudu a wannan hali, sai na ci gaba da gangarowa a hankali. Hanya ta zama rafi, jan ruwa yana gudu ba ka ganin abin da ke ƙarƙashi. A wata kwana na daki wani dutse mai kaifi da ruwa ya rufe, tayar gaba da ta baya duk suka sace a lokaci guda.

Ban tsorata ba, don ina da tub ɗaya, ina da faci irin mai manne da kansa, lissafi ya fita. Na ja keken gindin wani mangwaro na buɗe jakar.

Ruwa ne kwance a ciki, ya kai gaɓar yatsa. Yadin jakar dai da gaske ba ya ɗaukar ruwa, shi ya sa wanda ya shiga ya rasa hanyar fita, ya taru a ƙasa daidai inda waya take. Na ɗago ta fuskarta tana walƙiya tana ɗaukewa. Fawa banki ya mutu, ko fitilarsa ba ta kawo ba. 'Yan dubu-dubu da ɗari biyar-biyar sun manne da juna sun yi laushi, sai 'yan hamsin-hamsin na leda ne suka tsira. Faci kuwa takardar bayansa ta jiƙe ta saki, mannen ya zama yauƙi, na liƙa ya zame, na sake liƙawa ya sake zamewa. Hannuna na rawa don sanyi. Na sa tub a baya, gaba ba yadda zan yi da ita, ba kuma wayar da zan kira kowa. Haka na tura keke cikin laka, takalmi na nutsewa, har na iso wani ƙauye a gefen hanya.

Allah ya haɗa ni da wani dattijo mai facin keke, zaune a rumfar kwano da kaskon wuta a gabansa. Na yi sallama na ce, "Baba, a taimaka mini, ruwa ya ci ni." Ya ce in fara matsowa kusa da wuta tukuna. Ya ciro tub ɗin, ya shanya shi a saman garwashi daga nesa har ya bushe, ya kankare wurin da guntun zarto, ya yanko faci daga tsohon tub, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska kafin ya danne. Huji biyu ne gefe da gefe, irin wanda bakin rim ke yi in ya matse tub a kan dutse. Yana jiran mannen ya kama sai ya sa hannu cikin jakata, ya juyo bakinta waje, ya bi layin zare da farce. Ya ce, "Ɗana, ai ɗinki ne. Inda allura ta bi, nan ruwa zai bi." Kuɗina ma shi ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya ya jera a bakin kasko. Hamsin-hamsin ɗin nan na tattara na ba shi, da ƙyar ya karɓa. Allah ya saka masa da alheri.

Maganar dattijon ita ce gaskiyar lamarin. Jakar da ke hana ruwa da gaske ba ɗinka gaɓoɓinta ake yi ba, narka su ake yi a haɗe, kamar yadda Ortlieb na Jamus ke yi, da wasu daga cikin jakunkunan Apidura na Ingila. Wasu masu irin wannan aikin sukan ba kayansu lamba, misali IP64, shida na nufin ƙura ba ta shiga, huɗu na nufin tana jure feshin ruwa ta kowane ɓangare. Tawa ba lamba ko ɗaya. Ga kuma wani ɗan rami a gabanta da aka bari don wayar caji, yana kallon inda tayar gaba ke watso ruwa. Ruwan da ke gangarowa ta kan ƙarfe kuma maɗauran ne ke jawo shi kai tsaye zuwa bakin zif. Kafin ku saya ku leƙa ciki, in kun ga zare a fili ba abin da aka liƙa a kansa, kun san inda kuka tsaya.

Duk da haka, da mai gyara ya farfaɗo da wayar, zuciyata ta yi sanyi. Na ce leda ɗaya ta magance wannan, jakar da ba ta lilo a gargada ba a yar da ita saboda ruwan rana ɗaya. Da a nan na rubuta sharhin nan, da na ce ku saya.

Sai na kwance jakar don ta bushe.

Ƙarƙashin kowane maɗaurin Velcro, irin mai mannewa da kansa, fenti ya tafi. Uku a ƙarfen sama, ɗaya a na ƙasa, ko'ina zobe fari, a wuri biyu har alminiyon ya fito yana ƙyalli. Ƙurar hunturu da yashin laka sun shige tsakanin maɗauri da firem, gargada tana motsa su, suka yi ta cin keken kamar samfefa ba tare da an gani ba. Keken da na yi tanadi mai tsawo kafin in mallaka, wanda ko jingina shi da bango ba na yi sai na sa tsumma. Ɗan tef mai kauri da ake liƙawa a firem kafin a ɗaura jaka shi ne maganin wannan, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Babu shi a cikin kwalin, babu takardar da ta ambace shi, mai kayan da ya tsaya yana yi mini rantsuwa kan kogi bai ce uffan ba. Wanda kekensa ke da ramukan noti biyu a saman ƙarfe, masu tazarar milimita 64 irin ta mariƙin gora, ya nemi jakar da ake ɗaurewa da noti ya rage wa kansa wannan ciwon. Nawa ba shi da su.

Na koma wurin mai kayan da maganar ruwa, amsarsa ita ce wai ruwan Jos daban ne. To a Jos na ce masa zan hau, a gabansa na faɗa. Fawa banki ya tafi, kuɗin gyaran waya daga aljihuna, ko haƙuri na kirki ban samu ba. Abokan da suka saya a kan maganata na bi su ɗaya-ɗaya na ce su kwance tasu su duba fenti, wani ya tarar nasa ya fara.

Yanzu jakar tana nan a keken, a kan tef, famfo da alanki da dabino kawai take ɗauka. Waya da kuɗi da faci sun koma aljihu cikin leda, wato inda suke tun kafin in kashe kuɗina. Hotunan fentin na tura wa mai kayan tun makon jiya, ya buɗe ya gani, har yau bai amsa ba.