Bankin unguwa: abin da ya rage na tsarin Farfesa Mabogunje

Duk mai ajiya a ƙaramin bankin bakin kasuwa, wanda ake kira maikurofainans, gajiyar aikin Farfesa Akin Mabogunje yake ci, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Masanin labarin ƙasa ne na Jami'ar Ibadan, haifaffen Kano a 1931, ya rasu ranar 4 ga Agusta 2022. Shi ya shugabanci hukumar bankunan al'umma ta ƙasa a farkon shekarun 1990, bayan buɗe na farko, Alheri, a Tudun Wadan Kaduna cikin Disamban 1990. Tunaninsa shi ne jama'ar gari su haɗa jari su mallaki bankin, mutuncin mutum a unguwarsu ya tsaya masa a matsayin jingina. Tsarin Babban Bankin Najeriya (CBN) na 2005 ne ya mayar da su maikurofainans.

Ta fuskar ajiya, sun cancanci yabo. Da lambar BVN ko NIN, hoto da lambar waya, an buɗe maka asusun matakin farko, sai dai ba ya ɗaukar fiye da naira 300,000. Ma'aikaci yana zagayowa rumfa kullum ya karɓi ɗari biyar ko dubu, mai shago ba sai ya rufe ya tafi bin layi ba. Amma nan ne ɓarna ta fi aukuwa. Kuɗin yana kwana a jakar mai karɓa, wani ya sa hannu a kati bai shigar a kwamfuta ba, sai ranar cira a ga giɓi. Kada a dogara da katin kaɗai. In saƙon waya bai shigo ba a ranar, a bi sawu washegari, kuma a nemi takardar bayanin asusu duk ƙarshen wata.

Bashi shi ne inda ake buƙatar lissafi da natsuwa. Yawanci rukuni ake haɗawa, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa, ana biya mako-mako. Wannan shi ne ragowar tunanin Mabogunje, kuma yana aiki muddin 'yan rukunin sun san juna da gaske. Idan ma'aikaci ne ya tattaro baƙin juna don ya cika adadi, mutum ɗaya na gudu sauran za su biya masa, zumunci ya lalace.

Kuɗin ruwan kuwa a wata ake faɗarsa, shi ya sa yake zama kamar kaɗan. A ce an ba ka naira 100,000 a kan kashi 4 cikin ɗari duk wata, na wata shida: ruwan ya kama 24,000. Amma a kan dubu ɗarin ake ci gaba da lissafa shi har ƙarshe, alhali ka riga ka mayar da rabi tun wata na uku. In aka cire kuɗin fom da inshora, aka kuma riƙe wani kaso a matsayin ajiyar dole, abin da ya shigo hannunka bai kai dubu ɗarin ba. Mai sayar da kayan masarufi da jarinta ke juyawa duk mako za ta iya ɗauka. Manomi ko mai kiwo da zai jira wata huɗu kafin ya ga kuɗi, biyan mako-mako zai sa ya sayar da taki ko akuya. Wanda ke gudun riba ya tambayi ko suna da murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da ƙayyadadden farashi. Ba kowanne ke da shi ba.

Kafin a ajiye ko kwabo, a duba sunan bankin a jerin masu lasisi na CBN. A Mayun 2023 an soke lasisin 179 daga cikinsu. In banki ya rushe, hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, tana biyan mai ajiya har naira miliyan 2 tun 2024, a da 200,000 ne, amma ga banki mai lasisi kaɗai. Abin da ya haura haka, gara a raba shi a banki biyu.