Darasin Rashanci ta intanet: abin da na gani bayan wata uku a kan jinsin sunaye

Tunda 'yan uwa da yawa masu shirin tafiya Rasha karatun likitanci suna ta tambayata ko malamar da nake ɗaukar darasi wajenta ta cancanci kuɗin, bari in faɗi abin da na gani. 'Yar Rasha ce, muna haɗuwa ta bidiyo sau biyu a sati, awa ɗaya-ɗaya, kuma ni abin da ya kai ni wajenta shi ne maganar jinsin sunaye, don ita ce ta fi ɗaure min kai tun farko.

Ranar farko ta ce min duk sunan da ya ƙare da -а ko -я yawanci mace ne, wanda ya ƙare da baƙi namiji ne, sai na ce ai wannan kamar Hausa ne, mu ma mota, riga, hula duk mata ne, kuma muna da masu karya doka irin su ruwa da gida da nama. Su ma suna da nasu, папа da дядя da дедушка da мужчина duk da wasalin mata suka ƙare amma maza ne. Kuma yadda muke cewa ya zo, ta zo, su ma a abin da ya wuce suna cewa он был ya kasance, она была ta kasance, sannan in aka koma jam'i jinsi ya ɓace kamar dai yadda "sun zo" ba ruwansa da mace ko namiji. Gaskiya Bahaushe yana da sa'a a nan, kunnenmu ya riga ya saba.

Inda aiki yake shi ne jinsi na uku, wanda ba mace ba namiji, masu ƙarewa da -о ko -е, kamar окно taga, море teku, сердце zuciya. Ga kuma wasu guda 10 masu ƙarewa da -мя, irin su имя suna da время lokaci, ka gan su kamar mata amma na ukun ne.

To dabararta ita ce ta burge ni wallahi. Ba ta yarda ka haddace suna shi kaɗai ba, dole sai ka haɗa shi da "nawa" ko "tawa" nasu, wato мой, моя, моё. Ba za ka ce кровь, wato jini, kawai ba, sai dai моя кровь, kuma kowane jinsi da kalarsa a katin da take turowa, shuɗi na maza, ja na mata, kore na ukun. Da farko na ɗauka wasan yara ne amma bayan sati kaɗan sai na ga bakina yana kawo daidai tun kafin in yi tunani. Wannan ya fi amfani a kan sunayen da suka ƙare da alamar laushi ь, don su kam ba ka gane su da ido, день rana namiji ne, дверь ƙofa mace, словарь ƙamus namiji, тетрадь littafin rubutu mace. Ta ba ni 'yan hanyoyin ragewa, kusan duk mai ƙarewa da -ость mace ce, in ь ta biyo bayan ж, ш, ч, щ kamar ночь da помощь ita ma mace ce, sunayen watanni kuwa duka 12 maza ne. Sauran sai hadda, ba wata hanya.

Da ta ji likitanci zan yi sai ta koma kawo min kalmomin jiki, kuma nan na gane babban tarkon Bahaushe, wato ɗaukar jinsin Hausa ka ɗora wa Rashanci. Jini a wajenmu namiji ne, кровь mace ce. Zuciya mace ce, сердце na uku ne. Ƙashi namiji, кость mace. Ruwa namiji, вода mace. Wata namiji, луна mace. Ni da kaina na tsara wannan jerin na kai mata, don ita ba ta jin Hausa, da Turanci take bayani, kuma wannan shi ne gibin da na fi ji a darasin, in Turancinka bai yi ƙarfi ba za ka sha wahala a makonnin farko.

Akwai ranar da muka cinye kusan rabin awa a kan врач likita, kalmar namiji ce ko da likitar mace ce, amma a magana za ka ji an ce врач пришла, likita ta zo. Haka кофе kofi, a ƙa'ida namiji ne duk da ya ƙare da -е, ko da yake mutane da yawa suna mai da shi na uku a hira. Na ji daɗin yadda ta gaya min abin da littafi ya ce da abin da zan ji a titi, ba ta ɓoye ɗaya ba.

Abin da bai yi min ba, tana sauri sosai in an zo kan yadda ƙarshen suna yake canzawa a yanayi shida na nahawunsu, kamar ta ɗauka ka riga ka sani, sai ka tsayar da ita ka ce ta maimaita. Biyan kuɗi ma da wahala, tun 2022 katin Visa da Mastercard na waje ba sa aiki a Rasha, ni ta hannun wani ɗan uwa da yake karatu a can nake biya. Sannan Mosko ta riga mu da awa biyu, sai ka lura da lokacin Magariba kafin ku tsayar da lokaci, kuma ka tanadi data mai kyau don in murya tana yankewa ba za ka ji bambancin мой da моё ba.

Na sake biyan wata uku masu zuwa, don ina so in shiga shekarar share fage da ƙafar dama kuma in fuskanci jarrabawar ТРКИ-1, wato ta gwada iya Rashanci ga 'yan ƙasashen waje. Wanda zai fara, ya koyi haruffan nan 33 da kansa tukuna kafin ya biya ko sisi, kar ya ƙona awannin da ya saya a kan abin da zai iya yi a ɗakinsa.