Kamfa, Uriya ko kashin kaji: wanne mai lambu a Legas zai saya?

'Yan'uwana masu lambu a Ojo da Iba da Agege, kafin ku kai kuɗi wurin mai taki, ku tsuguna ku dubi ganye. Idan tsofaffin ganyen ƙasa suka fara komawa ruwan ɗorawa alhali na sama kore ne, naitirojin ya yi ƙaranci. Idan bakin ganye ya bushe kamar wuta ta lashe shi, fotasiyam ne. Idan shuka ta tsumbure, ganye ya yi ja mai duhu, fosfaras take nema.

Uriya naitirojin ce zalla, kashi 46 cikin 100, wato kilo 23 a buhu mai kilo 50. Ga mai alayyafo da latas da ganyen ugu, tana saurin kawo kore, kuma a nan kusa ake yin ta, a masana'antar Dangote ta Ibeju-Lekki da aka buɗe a 2022. Sai dai ƙasarmu ta nan rairayi ce, ruwan Yuni da Yuli kuwa ba irin na Kano ba ne. In ka zuba da yawa lokaci guda, ruwa ya wanke ta zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. In ka watsa a sama ba ka rufe ba, wani kaso ya bi iska. Kaɗan-kaɗan ake sa ta, nesa da gindi, a rufe da ƙasa.

Kamfa haɗin naitirojin da fosfaras da fotasiyam ce, lambobin jikinta kuma kason kowanne ne cikin 100. Mai lamba 15:15:15 kilo 7.5 kawai na naitirojin ke cikin buhunta, mai 20:10:10 kuma kilo 10. Amma tana ɗauke da fosfaras da fotasiyam, waɗanda tumatir da attaruhu ke buƙata kafin su yi fure su ɗaura 'ya'ya. Mai kayan miya ya ɗauki 15:15:15.

Ni dai, da kuɗin abu ɗaya gare ni, kashin kaji zan saya. Ƙarfinsa bai kai na takin zamani ba, ɗaukarsa ma wahala ce, amma shi ne ke sa rairayi ya riƙe ruwa da abinci, kuma yana da kalsiyam da sauran ƙananan sinadarai da Uriya ba ta da su. Wannan baƙin tabo da ke fitowa a gindin ɗan tumatir, rashin kalsiyam ne a cikin ɗan, galibi saboda ban-ruwa da ba a daidaita ba. Ƙarin Uriya sai ya tsananta shi. Yana ba ni takaici in ga mutum ya ƙara kashe kuɗi a kan abin da ke ɓata masa amfani. Ɗanyen kashi yana ƙona shuka, a tara shi ya ruɓe tukuna.

Wajen saye kuma, ka taɓa buhun. Laimar Legas na sa taki ya dunƙule, wanda ya yi tauri kamar dutse ka bar shi. Ka duba ɗinkin baki ko an farke an sake, a gida kuma ka ɗora shi kan katako, kada ya taɓa siminti.