Hattara da Mai Sayar da Manhajar Fiyano ta Kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon haɗa kiɗa. Abin nan a gidanmu ya faru, da ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Yaron nan ya daɗe da son kiɗa. Ba shi da kuɗin fiyano, sai tsohuwar laftof da na bar masa. A Facebook ya ci karo da tallar wani mutum, wai yana sayar da manhajar da ke mayar da kibod ɗin kwamfuta fiyano. Har da bidiyo, yatsu na yawo a kan haruffa, sauti na fita tar. Naira 18,000, wai kuma za a haɗa maka da cikakken FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta. Kuɗin da ya yi wata biyu yana tarawa a shagon ɗinki ya kwashe ya tura.

Mutumin ya turo masa fayil, ya ce sai ya kashe antibairos kafin ya buɗe, "don kada ta cinye shi". Ya kashe. Bayan kwana biyu Facebook ɗinsa ya ƙi buɗuwa, aka dinga bin dangi da saƙon neman kuɗi da sunansa. Gwaggonmu ta tura kafin mu ankara. Da ƙanina ya koma WhatsApp neman mutumin, ya tarar an toshe shi.

Abin da ya fi ƙona min rai, kayan da aka sayar masa yana cikin FL Studio tun asali, kyauta. Ka danna Ctrl da T, shi ke nan, kibod ya zama fiyano. Layin Z X C V B N M su ne fararen maɓallai, S da D, sai G H J, su ne baƙaƙe. Layin Q W E R T Y U shi ne hawan sauti na sama. A Ableton Live, wata manhajar haɗa kiɗa, harafin M ke kunna wannan aiki. Manhajar LMMS ma tana yi, ita kuwa gaba ɗayanta kyauta ce.

Mai tallar ya kuma yi wa ƙanina alkawarin wai idan ya danna da ƙarfi sauti zai ƙaru, idan ya sassauta ya ragu. Ƙarya ce. Kibod ɗin rubutu abu biyu ya sani, an danna ko ba a danna ba, kuma babu manhajar da za ta sa masa abin da ba a ƙera shi da shi ba. Wasu ma idan ka haɗa maɓallai uku ko huɗu, ɗaya zai ƙi fita. Mai son sauti ya bi ƙarfin dannawa sai ya tara kuɗi ya sayi ƙaramin kibod na MIDI, wato mai maɓallan fiyano da ake jonawa da kwamfuta. Jinkirin sauti kuma, wanda shi ma wai manhajarsa ke magancewa, wata ƙaramar manhajar sauti mai suna ASIO4ALL ake sawa, ba a biyan ko kwabo.

Kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ne ke da FL Studio, kuma a shafinsu akwai na gwaji kyauta wanda ba ya ƙarewa. Za ka haɗa kiɗa, ka fitar da shi MP3, ka ajiye aikin, sai dai ba za ka sake buɗe shi ba sai ka sayi lasisi.

Idan ka riga ka buɗe irin wannan fayil, ka cire kwamfutar daga intanet yanzu. Ka canza fasuwod ɗinka duka ta wata waya, ka fara da na imel, ka sanar da banki, ka faɗa wa dangi kada su tura wa kowa kuɗi, sannan a yi wa laftof ɗin fomat, wato a goge komai da ke cikinta. Haka muka yi, kuma kiɗan da yaron ya fara haɗawa duk sun tafi.

Shekaranjiya na sake ganin tallar. Sunan shafin ya canza, lambar asusun ma daban, amma bidiyon shi ne dai. Don Allah wanda ke da ƙane ko yaro a situdiyo, ya nuna masa wannan.