Jirgin katako ko na faiba: wanne sabon shiga zai saya?

Masu son mallakar ƙaramin jirgin ruwa a Yawuri sun yawaita tambayata: na katako za su saya, ko na faiba, mai kama da roba mai tauri, da ake ɗorawa a ƙaramar tirelar da mota ke ja?

Wajen kuɗi, na katako ya fi sauƙi, kuma kafintan bakin ruwa zai gyara maka shi nan take. Sai dai yana yoyo, kullum ana kwarfar ruwa, katakon kuma yana ruɓewa. Na faiba akwai tsada, ga tirela, ga motar da za ta ja shi. Amma ba ya ruɓewa, kuma kana iya fito da shi daga kogin Neja ka ja shi har Argungu. Idan ya tsage, mai liƙe shi sai an nema.

Abin da ya fi damuna shi ne kututturan da ke nutse a tafkin Kainji, ba ruwansu da katako ko faiba. Duk wanda ya tuna hatsarin jirgin ruwan da ya nutse da fasinjoji kusa da garin Warra a 2021 ba zai cika lodi ba, ba zai shiga babu rigar kariya ba.

Mai jigilar buhuna da fasinja a mashiga ɗaya, na katako ya ishe shi. Mai mota da ke son fita da iyalinsa ruwa daban-daban, na faiba ya fi dacewa da shi.