Satin ɗin auduga, atamfa ko shadda, wanne za ki saya in bargo za ki ɗinka?

Masu son ɗinka bargon nan mai hawa uku, yadi a sama, auduga ko faiba a tsakiya, wani yadin a ƙasa sannan a bi shi da ɗinki layi layi, kusan kowacce in ta zo tambaya satin ɗin auduga take fara ambata saboda sheƙinsa. Toh ni ma ina son yadin nan wallahi, amma fa ba ko'ina yake shiga a jikin bargo ba, gara ki san inda zai zauna tun kafin ki shiga Kantin Kwari da kuɗinki.

Komai nashi daga saƙa yake farawa. Atamfa da farin yadin da muka saba zare ɗaya sama ɗaya ƙasa ake saƙa su, shi kuwa satin sai zare ya tsallake huɗu sannan ya nutse ƙarƙashin ɗaya, wannan dogon zaren da yake kwance a fuska shi ke ɗaukar haske shi ke kawo laushin da in kin shafa ba kya son ɗauke hannu. Yawancinsa kuma an jiƙa shi a ruwan soda mai ƙarfi tun a masana'anta, dabarar da wani ɗan Ingila John Mercer ya gano a 1844, shi yasa yake shan rini sosai kalarsa take fitowa rangaɗau. Sai dai zaren nan da yake kwance ba abinda ya danne shi, zobe zai ja shi, farce zai ja shi, kai har kaushin ƙafa na hunturu jan shi yake, kuma in kika yanka shi ƙanana ƙanana bakin sai ya dinga zarewa tun kafin ki kai shi kan keke. Ga wani abu da mutane basu lura dashi sai an gama ɗinki, sheƙin nashi yana da gefen da yake kallo, in kika juya ƙyalle ɗaya a kwance ɗaya a tsaye sai ki rantse kala biyu ce alhali daga yadi ɗaya kika yanko.

Shi yasa ni a wurina satin na bayan bargo ne, ɓangaren da zai taɓa jiki, ko faffaɗan baki na zagaye, ko kuma ayi bargon gaba ɗaya da falle ɗaya ba haɗi, ɗinkin ne kawai zai zama ado, nan kam babu yadin da ya kama ƙafarsa don kowane layi sai ya fito. In kin samu mai faɗin inci 108 ki ɗauka, zai rufe babban gado ba sai kin haɗa a tsakiya ba.

In kuwa bargon haɗe haɗe kike so, ki tsaya kan atamfa 'yar uwa. Bata santsi, bata miƙewa, in kin goge ta zauna, allura ma shiga take ba gardama, faɗinta bai wuce inci 45 zuwa 48 ba amma tunda yankawa za kiyi ba damuwa, ko guntayen da suka rage wurin tela sun isheki farawa in dai na auduga ne. Shadda tana da kyau amma tayi tauri tayi tsada, kuma sheƙinta na bugu ne da sitaci, bargo kuwa wanki zai sha, ki barta ma kaya.

Wanda nake so kiyi hattara dashi shine satin ɗin roba, wato polista, a ido ya ma fi na auduga ƙyalli kuma yafi araha, amma baya shan gumi, in zafin Kano ya shigo ba mai iya kwana a kansa, dutsen guga kuma in yayi zafi narka shi zai yi. Ki roƙi mai shago, kice Alhaji dan Allah a ɗan yanko min bakinsa, ki kunna mai ashana a waje. Auduga ƙamshin takarda mai ƙonewa take yi ta bar toka mai laushi, roba kuwa dunƙulewa take ta zama baƙin ƙwallo mai tauri. In mai kala ne kuma ki goga jiƙaƙƙen farin hankici ki gani ko yana zuba, musamman ja da shuɗi.

Ki ƙara rabin yadi kan abinda kika auna, domin auduga tana tsukewa kamar kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wankin farko, kinga a yadi 5 inci 5 zuwa 9 kenan ya tafi. Kafin almakashi ya taɓa satin ɗin ki kai ayi ma bakin wibin, wato ɗinkin da ke hana baki zarewa, ki wanke da ruwan sanyi, ki ɗan sa sitaci ki goge ta baya, zai rage santsi sosai. Allura sabuwa siririya lamba 11 ko 12 wurin haɗawa, 14 in za ki bi hawa ukun, banda 16 ɗin nan da take zaune a keke wata da watanni, don satin in aka huda shi ko aka farke ɗinki alamar bata ɓacewa da wuri.

Bayan an gama kuma, a faɗa ma mai wanki banda buroshi banda bilic, a matse a hankali a shanya a inuwa fuskar na ciki don rana tana koɗar da kala. In da dutsen gawayi ake guga a ɗora wani ƙyalle a kai. In sanyi ya wuce za ki adana, ki tabbata ya bushe ƙayau ki naɗe shi a tsohon zani, kar ki ɗaure shi a leda don in damina ta shigo fumfuna zai yi.